Tuƙi lokacin hutu: Jamus ko Faransa?

Ana yawan tambayata inda ya fi daɗin tuƙi ga mai hutu, Jamus ko Faransa.

A sassa da dama na Autobahn, wato manyan titunan Jamus, babu iyakar gudu, kilomita 130 a awa shawara ce kawai, kuma ƙananan motoci ba sa biyan kuɗin hanya. Amma inda aka kafa allon iyakar gudu, kyamara ba ruwanta da baƙunta.

A manyan titunan Faransa kuwa 130 doka ce, in ana ruwa 110, ga kuɗin hanya. Ka haura iyaka da kilomita 40, 'yan sanda na iya karɓe lasisinka nan take.

Direban da hannunsa ya faɗa, mai son tsimi, Jamus ce tasa. Mai iyali da ke son tafiya a natse, Faransa ta fi masa.