Konbatar 24 zuwa 13.8 da na saka wa oba-obar motata: bayan wata biyar

Oba-oba biyu na ƙona kafin na yarda cewa laifin ba nasu ba ne. Tirela nake ja, mu huɗu muke tafiya a jere, kuma inda sabis ɗin waya ya ɗauke da rediyon nan muke sanar da juna rami ko shinge.

Motar batir biyu gare ta, wato bolt 24, idan inji na aiki mita kan nuna wajen 28. Rediyon kuwa 13.8 yake so. Wani rewaya ya ce abu mai sauƙi ne, ya ja waya daga batir ɗaya kawai. Ya yi aiki, amma duk lokacin da na tayar da mota sai rediyon ya mutu ya sake kunna kansa, in na taka totur kuma wani kuka ya riƙa tashi a lasifika yana bin ƙarar inji. Batirin da aka ja wutar daga jikinsa ma ya riga ɗan'uwansa mutuwa, don ba sa caji daidai.

Rediyo na biyun a kan gargada ya tafi. Kan batir ya yi sako-sako, ya ɗan rabu yayin da altaneta ke tura caji. Wutar ta rasa mai shanye ta, ta yi tsalle na ƙiftawar ido, sai warin ƙuna. Abin da ya fi ba ni haushi, fis ɗin lafiyarsa ƙalau! Daga baya wani dattijon rewaya ya ce mini, “Direba, fis yawan jan wuta yake tsarewa, tsallen bolt ya fi shi sauri.”

Shi ya sa na sayi konbata mai amfiya 20, wato na'urar da ke rage bolt 24 zuwa 13.8. Rediyona mai wat 25 ne, ba ya jan rabin haka ko ina magana, amma dattijon ya ce a bar mata sarari. Ya ɗauko wuta daga batiran biyu a haɗe, ya sa fis dab da batir, ya kankare fenti a inda baƙar waya za ta kama ƙarfen mota, ya wanke kawunan batir ya ɗaure tamau. Mun gwada da mita: ko mota na tsaye ko na ba ta wuta, 13.8 ba ta motsa ba. Wata biyar ke nan rediyon bai sake mutuwa wajen tayarwa ba.

Tana da nata aibin. Wayoyin da ta zo da su sirara ne kamar na rediyon ɗaki, sai da muka canza. Tana zafi sosai, a watan Afrilu ba ka iya barin hannu a kanta, dole muka ciro ta daga bayan kujera zuwa inda iska ke kaiwa. Kukan altanetan ya ragu amma bai tafi ba sai da aka ƙara matatar ƙara a kan wayar wutar. Kuma ko rediyo a kashe tana ɗan lasar batir. Na bar mota kwana tara a gareji, da ƙyar ta tashi. Yanzu na sa mata makunni nata.

Sauran direbobin uku duk sun saka. Ni dai har yau, kafin na tashi daga kowane masauki, sai na sa yaron mota ya girgiza kawunan batir da hannu.