Gargaɗi ga 'yan uwa na Jidda da Makka kan mai tallar buɗe but ɗin mota

Assalamu alaikum 'yan uwa. Dan Allah duk wanda ya karanta wannan ya tura ma na kusa dashi, musamman direbobin gida da masu kai alhazai iyafot da kuma Hajiyoyinmu da suka fara tuƙi da kansu tunda aka basu dama a 2018, dan su yafi farauta.

Akwai wani mutum dake yawo a guruf-guruf ɗin WhatsApp na Hausawa, yanzu har TikTok ya shiga, yana talla wai shi makaniki ne da zai sameka duk inda kake dare ko rana, aikinsa buɗe but ɗin mota in ya maƙale yaƙi buɗuwa. Bazan kama suna ba dan sunan da yake bayarwa ma ba ɗaya bane, layin kuma in ya cuci mutum biyu uku sai ya yar ya sake wani. Salon nasa ne dai baya canzawa.

Hausa a bakinsa ras, ga iya gaisuwa, "Baba Alhaji ya ibada, ya zafi", "Hajiya kwantar da hankalinki ai ɗanki ne, in ban miki ba wa zan yiwa". Kana gama faɗa masa matsalar zaice yana nesa, wai yana tashlih, wato inda ake farfasa tsofaffin motoci ana sayar da kayansu, a Buraiman ta Jidda ko ya fita Bahra, ka tura masa riyal 100 ko 150 na mai ya taso yanzu yanzu. Asusun da zai baka ba sunansa bane, in ka tambaya yace na abokinsa ne igamarsa, wato katin izinin zama a Saudiyya, tana hannun kafil, ubangidan da ya tsaya masa, ana sabuntawa. Wasu daga nan labarinsu ya ƙare, kuɗi na shiga ya toshe layi, kuma wallahi waɗannan su suka ci sa'a, dan wanda yaje musu har ƙofar gida sunfi jin jiki.

Wata Hajiya 'yar kasuwa a unguwarmu ta loda kayan da zata aika Kano a but ɗin motarta, abayoyi da dabino da turare, mai tafiya da kayan jirginsa da dare ne yana ta kiranta a waya, but yace sam bazai buɗu ba. Mutumin yazo da 'yar na'ura ya jona a ƙasan sitiyari yana kallo yana girgiza kai yana salati, can yace Hajiya kwamfutar but ɗin ce ta ƙone, gyara riyal 900 amma ke uwa ce ki kawo 700. Ya aiki yaronta bagala, wato shagon unguwa, ya sayo masa ruwa, ita kuma yace ta koma inuwa rana tayi yawa, kafin yaron ya dawo but a buɗe, ya nuna mata wani baƙin ƙarfe wai shi ya cire. Ta biya tana sa masa albarka. Daga baya da aka kai motar warsha, wato garejin gyara, canjin mai aka roƙi makanikin ya duba aikin, yace ba wanda ya taɓa ko noti ɗaya a wajen, ƙurar kansu ma tana nan yadda take. Maɓalli ne a cikin 'yar durowar gaban fasinja da jikokinta suka danna suna wasa, shi kuma ya mayar dashi da ɗan yatsa.

Na biyun yafi muni. Wani yaro matashi dake zaune wajen Shari'a Mansur a Makka yana sayar da jallabiyoyi da agoguna daga cikin motarsa, shi mukullin aka karɓa, yace sai an kai shago an masa barmaja, wato an saita shi a kwamfuta. Ya tafi da shi kusan awa ɗaya ya dawo, but ya buɗu, kowa ya watse. Ba a yi sati ba yaron ya wayi gari but a rufe lafiya lau ba gilashin da aka fasa ba alamar ɓalla, amma ciki wayam. Jarinsa kenan gaba ɗaya, wani ma bashi ne ya ɗauko a wajen 'yan kasuwar Balad ta Jidda. Abin da mutane da yawa basu lura dashi ba shine ƙarfen mukulli ana yanka irinsa cikin mintuna, wannan kwafin bazai tada injin motar zamani ba saboda babu ɗan guntun lantarkin nan a ciki, amma ƙofa da but zai buɗe su sumul. Banda mutumin ba wanda ya taɓa riƙe mukullin yaron nan.

Akwai kuma wanda ya huda ma makullin but da dirila ya karɓi kuɗi yace zai je ya kawo sabo, har yau mai motar da igiya yake ɗaurewa.

Abin da yafi ƙona min rai shine yadda yake zaɓar mutanensa. Cikin hira zai jefo maka "takardu dai lafiya ko Alhaji, kasan garin yanzu", kai kana ganin tausayi ne alhali auna ka yake. In ya gane igamarka ta mutu, ko kana ɗaukar fasinja ba lasisi, ko motar ba da sunanka take a istimara (takardar rajistar mota) ba, to yasan ko me ya maka bazaka doshi ofishin 'yan sanda ba dan tsoron tarhil, wato a kama ka a mayar da kai ƙasarku. Kura ma ai tasan gidan mai babbar sanda. Ɗan uwanka Bahaushe ya mayar da tsoronka jarinsa a ƙasa mai tsarki, ni dai wannan ban san da wane ido zai kalli Ka'aba ba.

Yanzu bari in faɗa muku abin da nake ganin shine maganin mutumin nan, na daɗe ina tuƙi a garin nan kuma na zauna da masu warsha a sana'iyya, unguwar masu gyaran mota, sosai. But ɗin mota ba wani abin sihiri bane. Ƙugiya ce a jikin murfin take kama wani lanƙwasasshen ƙarfe, abin da yake sakinta kuma ko dai waya ce ta ƙarfe da ta taho daga hannun da kake ja a gefen kujerar direba, ko kuma ɗan ƙaramin moto ne da yake aiki in ka danna maɓalli ko rimot. Shikenan.

Ka danna ka kasa kunne. In kaji ƙas ko ɗan gurnani amma bai buɗe ba to wuta tana zuwa, ƙugiyar ce ta cije, kuma mu da muke cusa kaya har sai an hau kan murfi an zauna kafin ya rufu yawanci wannan ce matsalarmu, jaka ce ta tokare ko igiyarta ta shiga bakin ƙugiyar. Kasa wani ya danne murfin ƙasa da ƙarfi da hannu biyu kai kuma kana danna maɓallin, sau da yawa nan take zai saki. Ƙurar garin nan da gishirin iskar teku na Jidda suma suna sa ƙugiya ta bushe ta cije, in ya buɗu ka fesa mata WD-40 ka goge ka shafa ɗan giris.

In kuma shiru kaji, fara da rimot. Maɓallin cikin mota yana buɗewa rimot baya yi? Batirin rimot ne, irin mai faɗin nan kamar kwabo, yawanci CR2032, 'yan riyal kaɗan ne. Duka biyun basa yi? Buɗe durowar gaban fasinja ka duba, Accord da Avalon da Lexus da yawa suna da maɓalli a nan na kashe buɗe but, anyi shi ne dan in ka ba mai ajiye mota a otal kar ya taɓa maka kaya, masu wankin mota da yara suna yawan danna shi ba da sani ba. Tsofaffin Camry kuma a ramin mukullin but ɗin abin yake, in aka murɗa mukulli hagu aka zare a haka to hannun cikin mota ya daina aiki sai ka sake sa mukullin ka dawo dashi. Bayan wannan sai fiyus, littafin motar yana nuna wanne ne. Kuma rimot ɗin da kake gani ba mukulli akwai ɗan ƙarfe a ɓoye a cikinsa, motoci da yawa suna da ramin sa shi a wajen lambar baya.

Duk an gwada yaƙi, sai a kwantar da kujerar baya a leƙa da tocila. Motocin da aka yi wa kasuwar Amurka tun daga Satumba 2001 doka ta tilasta a sa musu wani hannu a cikin but mai haske a duhu, dan in mutum ya kulle a ciki ya ja ya fito, to masu motocin da aka shigo dasu daga can ku ja wannan kawai. Ku nuna ma yaranku shi ma, da zafin da ake a nan yaro ya shiga but yana ɓuya ba wasa bane. Wasu motocin abin kwantar da kujerar a cikin but ɗin yake, nan kam sai warsha su kwance kujerar da sifana, aikin da bai kai a huda komai ba. Dirila ita ce ta ƙarshen ƙarshe, duk wanda ya fara zaro ta bai leƙa ta kujera ba ka ce masa ya tsaya.

Maganar kwamfuta ta ƙone kuwa, akwatin lantarkin da yake kula da but shine dai yake kula da makullan ƙofofi da fitilun ciki a yawancin motoci, in da gaske ya ƙone ba but kaɗai zai tsaya ba. Abin da yake lalacewa da gaske shine ɗan moton, ko wayar wuta ta karye a wajen hinjin murfi saboda buɗewa da rufewa, ko wayar ƙarfen ta zame daga mazauninta, kuma duk ana samunsu a tashlih da sauƙi. Ka tuƙa motarka zuwa sana'iyya, but a rufe baya hana mota tafiya, ka shiga warsha mai allo da suna wadda gobe zaka dawo ka sameta, ka karɓi fatura, wato rasit, kace a baka tsohon abin da aka cire a hannunka ka gwada shi da sabon. Mukulli kuma in zai je barmaja ƙafarka ƙafarsa.

Wanda ya riga ya tura kuɗi ya kira bankinsa nan take, ya ajiye rasit ɗin da hoton hirar da lambar da aka kirashi da ita kar ya goge komai dan haushi. Masu cikakkun takardu ku kai ƙara ta manhajar Kulluna Amn ko ku kira 911, in kuma warsha ce mai rajista ta cuceku akwai layin ma'aikatar kasuwanci 1900. Ku masu igama mai rai da ya taɓa ku, ku kam ba ku da uzurin yin shiru, ƙararku ce zata tsare waɗanda basa iya zuwa. Wanda kuma ya taɓa bashi mukulli ko na minti goma ne ya daina kwana da kaya a but har sai ya canza makulli.

Masu kula da guruf dan Allah ku daina barin tallar wanda ba wanda ya san warsharsa ko gidansa. An turo min sabon tallansa a wani guruf na 'yan Madina, muryar dai ita ce, gaisuwar ita ce, sai dai yanzu ya ƙara da cewa yana sa gas ɗin AC har gida.