Gangaro tsauni a kan keke lokacin hutu: doguwar hanya a ayari ko filin wasan keke?

Ɗan'uwa, ka ce za ka tafi hutu, ka iya keke tun kana yaro amma ba ka taɓa gangaro tsauni da shi ba, kuma ka ga ana tallata abubuwa biyu masu kama da juna: gangarowa doguwar hanyar mota a cikin ayari tare da ɗan jagora, da kuma shiga filin da aka tanada don keken tsauni tare da mai koyarwa. Kana son sanin wanda ya fi aminci ga irinka. Gaskiyar magana ita ce haɗarinsu ba iri ɗaya ba ne. A doguwar hanya tuƙin ba shi da wuya, amma kuskure ɗaya yana iya zama na ƙarshe. A filin wasa tuƙin ya fi wuya kuma faɗuwa ba abin mamaki ba ce, sai dai kai ne kake zaɓen girman abin da za ka tunkara.

Fitaccen misalin nau'in farko shi ne tsohuwar hanyar Yungas a ƙasar Bolibiya, wadda ake yi wa laƙabi da hanyar mutuwa. Mota ce take kai ayari mashigar La Cumbre, a tsayin da ya haura mita 4,600, daga nan a gangara fiye da kilomita 60 zuwa kusa da garin Coroico, inda tsayin ya ragu zuwa wajen mita 1,200. Kashin farko kwalta ce mai faɗi. Bayanta sai tsakuwa da laka, faɗin hanyar a wasu wuraren bai wuce mita uku ba, ga kwazazzabo a gefe mai zurfin ɗaruruwan mitoci, kuma a wurare da yawa babu shinge. Abin da baƙo ba ya tsammani shi ne a wannan hanyar mai gangarowa hannun hagu yake bi, wato ɓangaren ramin, domin direban mota ya riƙa ganin inda tayarsa take takawa. Tun da aka buɗe sabuwar hanya a 2006 motoci sun ragu ƙwarai, duk da haka masu keke sun ci gaba da rasa rayukansu a can. Haka ma a tsaunin Haleakalā na tsibirin Maui a Amurka, inda hanyar kwalta ce tsaf, hukumar gandun dajin da tsaunin yake ciki ta dakatar da ayarin kamfanoni a cikin gandun a 2007 bayan haɗarin da ya ci rai, shi ya sa yanzu suke farawa daga wajen iyakarsa. Kyawun kwalta da sauƙin tuƙi su ne suke sa mutum ya saki jiki, gudu ya ƙaru bai ankara ba, sai kwana ta zo masa da sauri fiye da yadda ya ƙiyasta.

Filin wasan keke kuwa, irin na Whistler a Kanada da aka buɗe a 1999, ko na Morzine da Les Gets a Faransa, tsarinsa daban ne. Kujerun da ke tafiya a kan waya suke hawar da kai da kekenka, babu mota a hanyoyin, kowa gangarowa yake yi, kuma kowace hanya an yi mata alamar launi gwargwadon wahalarta. A Kanada da Amurka kore ne mafi sauƙi, sai shuɗi, sai baƙi, sai baƙi mai alama biyu. A Faransa akwai ja tsakanin shuɗi da baƙi. Kada ka yi wa launukan nan kallon ma'auni ɗaya a ko'ina, domin kowane fili da kansa yake auna hanyoyinsa, shuɗin wani wuri yana iya kai jan wani wahala. Raunukan da aka fi samu su ne karayar ƙashin da ke tsakanin wuya da kafaɗa, karayar wuyan hannu, gocewar kafaɗa da buguwar kai, kuma akwai waɗanda suka samu rauni a lakar ƙashin baya, musamman a wuraren tsalle. Saboda haka ake ba da hayar hular kwano mai rufe haɓa da kariyar gwiwa da ta gwiwar hannu. Manyan filaye suna da ma'aikatan ceto a kan tsaunin, abin da ba za ka samu ba a tsakiyar dajin Yungas, inda asibitin kirki yake da nisan sa'o'i a mota.

Aikin jagoran ma ya bambanta. Na doguwar hanya makiyayin ayari ne: ɗaya a gaba, ɗaya a baya, motar kamfani tana biye, ana tsayawa lokaci zuwa lokaci ya bayyana abin da ke gaba. Ba shi da lokacin gyara maka riƙon birki, domin yana da mutane da yawa da zai kai ƙasa kafin yamma. Mai koyarwa a fili kuwa yakan fara da kai a shimfiɗaɗɗen wuri, ya nuna maka yadda ake tsayawa a kan feda biyu a daidaice, gwiwoyi a ɗan lanƙwashe, yatsa ɗaya a kan kowane birki, ido yana kallon inda kake son zuwa maimakon dutsen da kake tsoro, domin keke inda ido ya kalla yake bi.

A nan ne batun sanin iyakar kai ya shigo, kuma a ganina shi ne ya fi raba su. A fili, idan hanya ta fi ƙarfinka, kana iya sauka ka tura keken, ko ka koma kore ka yini a kanta, babu wanda kake tsarewa. A ayari hanya ɗaya ce ga kowa, kuma kunya tana aiki: na gabanka ya yi nisa, na bayanka yana jin ƙarar birkinka, sai ka saki hannu don kada a ce kai ne ka riƙe mutane. Ja da baya ga rago ba tsoro ba ne. Motar da ke biye da ku don ɗaukar wanda ya kasa ci gaba aka tanade ta, kuma kamfanin da ya san aikinsa zai faɗa tun da safe cewa kowa ya yi tafiyarsa daidai ƙarfinsa. Idan ka ji jagora yana zuga mutane su yi tsere, ko yana yi wa mai jinkiri ba'a, ka san ba a hannu nagari kake ba. Akwai alamomin da bai kamata a yi gardama da su ba: damtsen hannu ya ƙage har yatsu sun kasa matse birki, ko ka lura ka fara yin ƙananan kurakurai a jere, ko hazo ya rufe hanya. A Bolibiya akwai ƙarin matsalar ƙarancin iska, domin ciwon tsauni yana iya kama mutum daga wajen mita 2,500, birnin La Paz kansa kuwa, inda ayarin yake tasowa, yana wajen mita 3,600. Wanda ya sauka jiya yana fama da ciwon kai da jiri bai kamata ya hau keke yau a La Cumbre ba, ko da ya riga ya biya.

Kowanne ka zaɓa, ka duba birki kafin ka motsa. A Ingila da Ostareliya birkin gaba yana hannun dama, a Amurka da Kanada da mafi yawan Turai yana hagu, kuma wanda ya damƙe na gaba da ƙarfi yana zaton na baya ne, ta saman keken zai wuntsila. Ka nemi a sauya maka su yadda ka saba, ko ka gwada a fili har hannunka ya gane. Kada kuma ka riƙe birki a matse tsawon gangara, domin faifan birkin yana zafi ya rage kamawa. A rage gudu kafin kwana, sannan a sassauta.

Shawarata ga wanda bai taɓa yi ba ita ce ya fara da rabin yini a koriyar hanya tare da mai koyarwa, sannan ya duba ko doguwar hanyar ta dace da shi. Idan kuwa ita kaɗai ce a inda za ka, ka guji kamfani mafi araha, domin a gyaran kekuna da yawan jagorori ake rage kuɗin, ka tambayi mutum nawa ne ga jagora ɗaya da irin horon agajin gaggawa da yake da shi, kuma a Bolibiya ka kauce wa tsakiyar damina, daga Disamba zuwa Maris. Ka karanta takardar inshorar tafiyarka da kyau, domin da yawa daga cikinsu suna ware gangaro tsauni da keke daga abin da suke biya sai an ƙara kuɗi, wasu kuma suna da iyakar tsayin da suka amince mutum ya hau.