Cape Coast ko Elmina: amsa ga mai kwana biyu a hannu

Ɗan'uwa ya tambaya cewa zai je Akra, yana da rarar kwana biyu, kuma yana son ganin tsoffin gidajen bayi na bakin tekun Gana, shin Cape Coast zai nufa ko Elmina? Malam, tsakaninsu bai wuce kilomita 13 ba, don haka ba sai ka bar ɗaya ba. Ka kwana a Cape Coast, ka yi wa Elmina sammako.

Elmina ce babba a shekaru. Turawan Fotugal suka gina gidanta a 1482, zinariya ce ta kawo su kafin cinikin bayi ya rinjaya. Turawan Holan suka ƙwace shi a 1637, bayan sun hau da igwa kan tudun da ke fuskantarsa, daga baya ya koma hannun Ingila a 1872. Na Cape Coast kuwa mutanen Suwidin suka fara kafa shi da katako a 1653, Ingila ta karɓe a 1664, garin ya zama hedikwatar mulkinta har 1877 da aka mayar Akra. Duka biyun suna cikin jerin wuraren tarihi na duniya na hukumar UNESCO tun 1979.

A ciki ne bambancin yake fitowa. Kurkukun maza na Cape Coast a ƙarƙashin ƙasa yake, gangara ake yi a shiga, haske sai ta wasu ƙananan kafofi can sama. Daɓen da za ka taka ba dutse ne zalla ba, dattin mutanen da aka tsare ne ya daskare shekara da shekaru. A bisa kan wannan kurkuku kuma cocin Turawan take. Akwai ɗakin kayan tarihi a bene mai bayani dalla-dalla, abin da ya sa muke ganin wanda bai san labarin ba gara ya fara da nan. Elmina ba ta kai shi tsari ba, amma ta fi taɓa zuciya. Za a tsayar da kai a tsakar gidan mata, a nuna maka barandar da gwamna ke tsayawa yana zaɓe, da matakalar da ake hawa da wadda ya zaɓa. Ƙofar da ake fitar da bayi zuwa jirgi ƙuntatacciya ce, mutum ɗaya ne ke wucewa, shi ma a kaikaice. A nan ne kuma aka tsare Sarkin Asante Prempeh na Ɗaya a 1896.

Ta fuskar gari kuwa, Elmina ta kamun kifi ce. Ka tsaya kan gadar tafkin Benya da hantsi ka ga kwale-kwale masu fenti da tutoci suna shigowa, mata da manyan kwanoni suna jiran kifi. Amma kada ka sa ranar Talata, al'adarsu ba a fita teku ranar, za ka tarar da tashar shiru. Hawa tudun St Jago, wanda Turawan Holan suka hau da igwa, minti goma ne zuwa sha biyar, daga can ake ganin gidan da garin gaba ɗaya. Cape Coast ta fi masauki, bankuna da motoci, ga kasuwar Kotokuraba, kuma a zango za ka sami masallaci da masu jin Hausa.

Tafiyar daga Akra wajen kilomita 150 ce. Motar haya da suke kira trotro tana tashi daga tashar Kaneshie, sai ta cika. Awa uku ake lissafawa, amma cunkoson Kasoa kan ƙara awa guda ko fiye, musamman yammacin Juma'a. Ka fita kafin ƙarfe 6. Ana buɗe gidajen da ƙarfe 9 na safe, a rufe wajen 4:30, kuma zagaye da ɗan jagora kan ɗauki kusan awa ɗaya. Kuɗin shiga na baƙo ya fi na ɗan ƙasa, ka riƙe sidi, kuɗin Gana, a aljihu. Daga Cape Coast zuwa Elmina tasi ta haɗaka ta fi arha. In ka ɗauki shata, ku yi ciniki kafin ka shiga.

Abu biyu ke ba baƙi matsala. Samari a bakin ƙofa za su tambayi sunanka da fara'a, kana fitowa ka tarar an rubuta shi a jikin ƙwanson katantanwa ana jiran kuɗi. In ba ka so, kada ka faɗi sunan tun farko. Na biyu tekun: igiyarsa na ja ta ƙasa, ko gwanin iyo ya tsaya a gaɓa. Masunta kuma ba sa son a ɗauke su hoto ba izini.

Ɗan ƙasar ECOWAS ba ya buƙatar biza, amma katin rigakafin shawara dole ne. Damina ta fi ƙarfi a Mayu da Yuni. In ka gama Elmina kafin azahar, dajin Kakum na wajen kilomita 30 daga Cape Coast, da gadojin igiya bakwai a saman bishiyoyi, sai dai ka koma Akra da dare.