Rarar zubi a asusun HSA: a cire ko a bari?

Ɗan'uwa, na ga tambayarka. Ka ce ka canza wurin aiki a tsakiyar 2025, ta wuraren biyu duk an zuba kuɗi a asusunka na ajiyar lafiya, wato HSA, da ka zauna cike harajin Amurka sai manhajar ta ce ka zarce iyaka da dala 500, tana tambaya ko za ka cire. Hanyoyi biyu ne a gabanka, amma kafin ka bi ko ɗaya, fara tabbatar da cewa rarar ta gaske ce.

Ɗauko W-2 ɗinka guda biyu, wato takardar albashi da haraji da kowane wurin aiki ke ba ka duk shekara, ka duba akwati na 12, adadin da ke gaban harafin W. Wannan adadin ya riga ya haɗa abin da kamfani ya zuba da abin da aka yanka daga albashinka. In manhajar ta tambayi nawa ka zuba da kanka, tana nufin wanda ka tura daga bankinka kai tsaye. Wanda ya sake rubuta adadin W a nan ya ƙirga kuɗi ɗaya sau biyu, sai rarar ƙarya ta fito. Haka nan wanda ya tsallake tambayar watannin da yake da inshorar HDHP, wato irin inshorar lafiyar da sai da ita ake halatta zubi a HSA, manhajar kan ɗauka bai cancanta ba sam. Ko TurboTax ce ko FreeTaxUSA, duk fom 8889, fom ɗin harajin HSA, suke cike maka, ka buɗe shi ka gani da idonka.

Iyakar 2025 dala 4,300 ce ga mai inshorar kansa kaɗai, 8,550 ga iyali, da ƙarin 1,000 ga ɗan shekara 55 zuwa sama. In ka haɗa W ɗin biyu ka samu 4,800 kuma kai kaɗai inshorar ta rufe, to manhajar ta yi gaskiya. Kuma tunda ba a cire haraji a kan wannan 500 ɗin ba, za ta shiga cikin kuɗin shigarka na 2025 ko ka cire ko ka bari. Bambancin yana wajen tara.

In cirewa za ka yi, ka kira kamfanin da ke riƙe da asusun ka ce musu kana son fom ɗin cire rarar zubi. Su ne za su lissafa ɗan abin da 500 ɗin ta haifar, su mayar maka gaba ɗaya. Wa'adin shi ne 15 ga Afrilu 2026, ko 15 ga Oktoba in ka nemi ƙarin lokaci. Sai ka amsa wa manhajar cewa eh, za ka cire, ita kuma ta ɗauke tarar. A farkon 2027 za su aiko maka da 1099-SA, takardar da ke nuna abin da aka cire daga asusun, mai lamba 2 a akwati na 3, ribar kuma tana akwati na 2, ita kaɗai za ka biya wa haraji a takardun 2026. Wasu kamfanonin suna cajin ɗan kuɗin aiki, ka tambaya tukuna.

Don Allah a nan ka kula sosai, domin nan ne mutane ke ƙona kansu. Kada ka ɗauki katin HSA ka ciri 500 a na'ura, ko ka tura wa bankinka ta manhajar waya, ka ce ai na cire. Wannan zai fito da lamba 1, wato cirar yau da kullum. In ba a kan magani ko asibiti ka kashe ba, hukumar harajin Amurka, IRS, za ta caje ka haraji da tarar kashi 20 cikin ɗari, rarar kuma tana nan a rubuce a kanka. Kuma in ka ce wa manhajar za ka cire, to ka cire da gaske, domin ita ba ta motsa ko sisi, rubutawa kawai take yi.

In kuwa bari za ka yi, manhajar za ta cike fom 5329 ta ɗora tarar kashi 6 cikin ɗari, dala 30 ke nan a kan 500. Daga nan sai ka rage zubin bana. Iyakar 2026 dala 4,400 ce, don haka duk abin da zai shiga, har da na kamfani, kada ya wuce 3,900. Gibin da ka bari shi zai haɗiye rarar, har ka samu a cire maka 500 ɗin daga kuɗin da za a yi wa haraji a 2026. Ba kira, ba jiran fom.

Sai dai wannan hanyar tana da sharaɗi: dole ka ci gaba da zama a inshorar HDHP. In ka sake canza aiki ka koma wata irin inshora, ko ka ajiye aikin ka tafi gida wata da watanni, iyakar tana raguwa gwargwadon watannin da ka cancanta, kuma kashi 6 ɗin nan ana biyansa duk shekarar da rarar ta kwana a asusun. Sannan in wa'adin cirewa ya wuce, fitar da ita ta zama cirar yau da kullum.

Ni da ni ne, muddin wa'adi bai yi ba, cirewa zan yi. Mutumin da ya canza aiki bara ba shi da tabbacin inshorar da zai ƙare bana da ita, kuma ba na son ka ɗauki kayan shekara guda ka kai wata. Amma in aikinka ya zauna, kuɗin aikin da za su caje ka kuma ya kusa dala 30 ɗin, barin ba laifi ba ne. Sai ka je ofishin ma'aikata tun wannan satin su rage abin da ake yanka, ka kuma adana fom 5329 ɗin, domin in ka canza manhaja baɗi, da hannunka za ka shigar da tsohuwar rarar.