Sharhi kan Fara Zaman Tattaunawa da Masaniyar Halayyar Ɗan Adam

Na shafe wasu watanni ina zuwa wurin wata masaniyar halayyar ɗan Adam saboda fargaba da rashin barci da suka addabe ni, kuma a ganina kwalliya ta biya kuɗin sabulu, sai dai amfanin bai zo da wuri ba, kuma mafi yawansa ya samu ne a kwanakin da ke tsakanin zama da zama. Ya kamata mai niyyar farawa ya san cewa irin wannan masaniya ba likitar ƙwaƙwalwa ba ce. Likitan ƙwaƙwalwa shi ne wanda ya karanci aikin likita kuma yake rubuta magani, ita kuwa a yawancin ƙasashe aikinta tattaunawa ne da horar da tunani, idan ta ga ana buƙatar magani sai ta tura mutum wurin likita.

Zaman farko na tantancewa ne, don haka wanda ya je da nufin sauke duk abin da ke ransa zai iya fitowa da ɗan takaici. Ta fara da bayanin sirri, ta ce abin da muka tattauna ba zai fita ba sai idan ta ga rayuwata ko ta wani tana cikin haɗari, ko ana cutar da yaro, ko kotu ta ba da umarni, sannan na sa hannu a takardar amincewa. Daga nan tambayoyi suka biyo baya game da barci, cin abinci, magungunan da nake sha, tarihin rashin lafiya a dangi, da kuma ko na taɓa tunanin kashe kaina. Tambayar ƙarshen nan ta girgiza ni, amma ta yi ta cikin natsuwa, ta kuma bayyana cewa kowa ake yi wa ita. Ta ba ni takardun auna yanayi guda biyu, wato PHQ-9 mai tambayoyi 9 kan alamun ciwon damuwa, da GAD-7 mai tambayoyi 7 kan fargaba, dukansu suna duba makonni biyun da suka wuce. Waɗannan takardu ba su yanke hukuncin cewa mutum yana da ciwo, amma suna ba da lambar da za a riƙa kwatantawa da ita daga baya, kuma na yaba da hakan domin mai fargaba ba kasafai yake lura da cewa ya samu sauƙi ba.

Hanyar da ta bi da ni ita ce ta gyara tunani da ɗabi'a, wadda aka fi sani da CBT, wadda likitan ƙwaƙwalwa ɗan Amurka Aaron Beck ya assasa a shekarun 1960. Tushenta shi ne fassarar da mutum yake yi wa abin da ya faru ita ce ke haifar da yawancin abin da yake ji, kuma ana iya bincikar wannan fassara kamar yadda ake bincikar kowace magana. Zaman mako-mako ne, kowanne kusan minti 50, kuma ba a tashi sai da aikin gida. Nawa shi ne in rubuta abin da ya faru, tunanin da ya faɗo mini nan take, ƙarfin fargabar daga 0 zuwa 100, sannan hujjar da ke goyon bayan tunanin da wadda ke karya shi. Da farko na ɗauke shi aikin 'yan makaranta, amma da rubuce-rubucen suka taru sai na ga tunani iri ɗaya ne yake dawowa a lokuta daban-daban, kuma yawancin bala'in da na hango bai auku ba. Nan ne na ga darajar hidimar, kuma wanda ba zai taɓa littafinsa ba sai ranar zama zai yi asarar rabin abin da ya biya.

Akwai abubuwan da ban ji daɗinsu ba. Lokaci yana ƙarewa daidai sa'ar da magana ta yi zurfi, kuma ba ta ƙara ko minti biyar. Ba ta ba da shawara kai tsaye, idan na tambaye ta abin da ya kamata in yi sai ta mayar mini da tambayar, wanda ya ɗauke ni lokaci kafin in daina jin haushinsa. Akwai kuma ranakun da na fito jikina ya mutu, zuciyata ta fi yadda na shiga nauyi, domin an tono abin da na daɗe ina gudu, saboda haka na daina sa zaman gab da wani muhimmin aiki. Ƙa'idar soke zama ma tana da tsauri, domin wanda bai sanar da wuri ba sai ya biya.

Abin da ya riƙe ni shi ne tana sauraro ba tare da yanke mini hukunci ba, kuma da na gaya mata cewa wani atisayen numfashi yana ƙara mini fargaba, ba ta kare kanta ba, sai ta sauya shi. Bincike ya daɗe da nuna cewa fahimtar juna tsakanin masani da mai zuwa wurinsa tana daga cikin abubuwan da suka fi tasiri a kan sakamako, don haka wanda ya yi 'yan zama bai samu natsuwa ba yana da damar faɗa, ko ya nemi wani. A yanzu mun sake cike takardun aunawar, lambobin sun sauka, barcina ya daidaita duk da fargabar tana leƙowa jefi-jefi, kuma mun mayar da zaman sau ɗaya a mako biyu.