Amosanin gaɓɓai: wane maganin kumburi ya fi dacewa a saya?

Amosanin da garkuwar jiki ke afka wa gaɓɓai ya fi tsananta da asuba: yatsu su kumbura, su ƙage fiye da rabin awa. Don haka abin da ya kamata a fara dubawa a maganin kumburi shi ne tsawon lokacin da yake aiki a jiki.

A nan naproxen ya yi zarra. Ana shan miligiram 250 zuwa 500 sau biyu a rana, kada a wuce 1,000 sai da izinin likita. Yana daɗewa a jini, ƙwayar da aka sha bayan abincin dare tana nan tana aiki har wayewar gari. Kuma a cikin danginsa yana daga waɗanda suka fi ƙarancin haɗari ga zuciya. Aibinsa ciki: yana iya jawo gyambon ciki, shi ya sa ake haɗa shi da omeprazole, maganin kare ciki daga gyambo, miligiram 20 kullum da safe kafin karin kumallo, musamman ga wanda ya haura shekara 65. A ba shi mako biyu zuwa uku kafin a ce bai yi ba.

Ibuprofen kan sake kafin asuba. Diclofenac yana da ƙarfi, amma mai hawan jini ko ciwon zuciya ya nisance shi. Celecoxib ya fi lallaɓa ciki, sai dai tsada. Piroxicam kuwa cin ciki gare shi.

Babu ɗayansu da ke hana gaɓa lalacewa. Wannan aikin methotrexate ne, wanda likita ke rubutawa, ana sha sau ɗaya a mako, ba kullum ba. Kada a haɗa biyu daga cikin magungunan kumburin, illa ce ke ninkuwa, ba sauƙi ba. Mai ciwon ƙoda, mai shan warfarin (maganin hana jini daskarewa) da mai juna biyu su tuntuɓi likita tukuna. Baƙin bayan gida alamar zubar jini ce a ciki, a daina nan take a tafi asibiti.

Babban tarkon shi ne haɗe-haɗen da ake ƙullawa a leda ba suna, da garin da ake cewa tsantsar ganye ne. Sau da yawa dexamethasone, wani maganin kumburi mai ƙarfi na dangin steroid, ake dakawa a ciki. Cikin kwana biyu ciwo ya ɗauke, mai saye ya yi ta sa albarka, bayan watanni fuska ta cika, sukari ya hau, jini ya hau, ƙashi ya yi rauni. Wanda ya daɗe yana sha kuma kada ya daina lokaci guda, domin jikinsa ya rage samar da nasa sinadarin mai irin wannan aikin, yana iya faɗuwa. Likita ne zai rage masa sannu a hankali. A sayi magani a kantin magani mai rajista, cikin kwalinsa, a tabbatar lambar rukuni da ranar lalacewa da ke kan kwali sun yi daidai da na jikin katin ƙwayoyin. Rubutu mai gogewa da yatsa, ko ƙwaya mai marmashewa, alamar jabu ce.